Bangon da Na Ƙi Yaɓewa

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sale, Allah ya jiƙansa, kuma har yau in damina ta kankama shi nake fara tunawa.

A ƙauyenmu na gefen Auyo, kowace ambaliya takan bar zane a jikin bango, daidai inda ruwa ya tsaya. In za a yi baƙi sai a kwaɓa ƙasa a yaɓe, kada gida ya yi muni. Da aka ce wata ƙungiyar agaji daga ƙasar waje za ta gina mana ɗakin haihuwa, Yaya Sale ne ya bi gida-gida yana sa a yi yaɓe. "In suka ga ruwa na cin mu, wani gari za su kai," in ji shi. Matarsa ta fari a kwalekwale ta rasu tana naƙuda, kan hanyar Haɗeja. Wa zai yi masa musu?

Da rani baƙin suka zo, suka ga gari fes. Ba su tambaya ba, ba a kuma faɗa musu ba. Aka yi gini a kwari, damina biyu kawai ya yi aiki. Yanzu ciyawar kacalla ta cinye shi. Yaya bai ƙara bi ta wajen ba har ya bar duniya.

Bara wasu masu agajin suka zo. Su kam sun ce ba sa aza harsashi sai sun san inda ruwa yake kaiwa. Gari ya sake ɗaukar yaɓe, ni na ƙi. Mai unguwa ya tako har ƙofar gidana ya ce, "Malam Idi, bangonka ɗaya zai hana matanmu asibiti?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ai mun taɓa samu."

Suka ga zanen, ya kai ƙirjina. Suka kai ginin kan tudu a ƙauyen gaba, inda ake zuwa ta kan jingar tare ruwa ko ruwa ya cika. Can matanmu suke haihuwa yanzu. Amma tun daga ranar, tabarmar ƙofar gidana ni kaɗai nake zamanta.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Burinsa bai wuce mace ta haihu a kan busasshiyar ƙasa ba, kuma ya samu, ko da ba a garinsa ba. Na san da ya fi kowa yi mini faɗa, ya kira ni mai taurin kai, sannan ya wanke hannu mu ci tuwo. Kewarsa nake yi. Yanzu faɗan ma ba mai yi mini.