Kwana Uku na Muntaka a Safa

Shekara goma sha ɗaya muna gyaran na'urar sanyaya ɗaki tare da Muntaka a unguwar Khumra, ban taɓa jin ya ambaci kiɗa ba. Umra ya zo daga Jos a 1984, bai koma ba. Ba shi da iƙama, takardar izinin zama. Haka ya auri Zubaidatu, suka haifi 'ya'ya huɗu, kullum yana kaffa-kaffa da 'yan sanda.

A 2006 wasu dattawa biyu suka zo umra suka neme shi: Idris mawaƙi da Rafi'u mai ganga. Ashe su uku ne ƙungiyar Garwashi, masu kiɗan Turawa na rok da bulus a otal-otal na Jos kafin su watse. Muntaka ne mai jitar bas. Sabon faifai suke son yi.

Idris ya ce, "Yatsun nan na motsi kuwa, ko ƙarfe ya cinye su?"

Muntaka ya ce, "Sun fi muryarka lafiya, tsohon banza."

Ɗakin ɗaukar sautin yana unguwar Safa, can ɗaya gefen garin. Su kuma ba sa ɗaukar kiɗa ɗaiɗai, sai duka a ɗaki ɗaya suna kallon juna. Dole Muntaka ya ratsa gari. Ni nake kai shi, a kwance bayan motar aiki tsakanin na'urori. Akwai shingen bincike a hanya. Kwana biyu muka wuce, suka gama waƙa shida.

Marar takarda ba ya bin hanya ɗaya kwana uku a jere. Kowa a Khumra ya san wannan. Na ce a huta.

Idris ya ce, "Saura waƙa biyu, jibi jirginmu. Allah zai tsare."

Na ce, "Alhaji, kai bizarka na aljihu."

Muntaka ya daɗe yana kallon hannunsa, sannan ya ce, "Yalla, mu je, Salihu."

Ɗan sandan da ya bar mu sau biyu, ran nan hannu ya ɗaga. Ya duba iƙamata, ya zagaya baya. Na ji ƙarar buɗe ƙofar. Muntaka ya sauko da kansa.

"Halas, ta ƙare," ya ce mini. "Ka je gida da kanka, kada Zubaidatu ta ji a bakin wani."

Bayan wata guda aka mayar da shi Kano. Faifan ya fito da waƙa shida. Idris ya aiko da guda biyu, da doguwar wasiƙar ban haƙuri da ban karanta ba. Na kai wa Zubaidatu nata. Ta ce in fita da shi daga gidanta.