Kilishi Ƙulli Biyu

Shekara guda cur muka yi muna shirin tafiyar, ni da aminina likita. Bayan an yi mini aikin zuciya na ƙudurta sai na taka doguwar hanyar duwatsun nan da ta ratsa jihar Maryland ta Amurka, kwana huɗu a daji, don in tabbatar wa kaina ban zama tangaran ba. Matata ta ce sam. Likita ne ya lallashe ta, ya ce ai yana tare da ni. Kowace Asabar mukan goya jakunkuna mu yi ta zagaya dajin Greenbelt, ana kallonmu kamar masu ƙaura.

Da muka je Wheaton sayen guzuri, kilishi ƙulli biyu kawai ya ɗauka da ɗan garin kunu. Na tsokane shi da rowa, ya yi dariya. Ni kuwa sarkin wauta na loda abincin kwana huɗu.

Tun da na bar asibiti ban ji daɗi irin na farkon tafiyar nan ba. Muna bin farin fentin da aka shafa wa bishiyoyi don nuna hanya, muna alwala a ƙorama. Gwiwata na ciwo, amma ƙirjina lafiya lau. Har waƙa na yi a kan wani dutse.

Rana ta biyu da la'asar hanyar ta ratsa wata kwalta. A gefenta sai ga motata, matata a sitiyari. Kusa da ita kawunta na Fort Washington ne, dattijon da ya ba ni aurenta, da babbar rigarsa.

Na durƙusa da jaka a baya na gaishe shi.

Ya ce, "Sannu da ƙoƙari. Ya isa haka, shiga mu tafi gida."

"Kawu, saura kwana biyu kacal."

"Na ce ya isa."

Na waiga. Likita har ya jefa jakarsa a but ɗin motar, ya ƙi yarda mu haɗa ido.

Na ce masa, "Tun yaushe kuka ƙulla wannan?"

"Tun kafin mu sayi takalma, mutumina. Kwana biyu zuciyarka za ta ɗauka. Da na faɗa maka, da ka tafi kai kaɗai."

Wataƙila gaskiyarsa ce, amma raina ya ɓaci, kuma har yau bai gama hucewa ba. Shekara guda yana kallona ina baza taswira a teburinsa, yana gyaɗa kai. Da matata ce kaɗai ta zo, wallahi da na wuce abina. Sun san haka, shi ya sa suka ɗauko wanda ba zan iya yi wa musu ba.

A tsallaken titi ina hango farin fenti na gaba, bai fi taku ashirin ba. Kawu ya miƙa hannu ya buɗe mini ƙofar baya. Na shiga, na ɗora abincin kwana biyu a cinyata.