Waifar Motar Gawa

Na sha wahala da motar nan, kuma ba inji ne ya fi ba ni wahala ba, ba taya ba. Waifa ce, 'yar robar nan mai share gilashi da yaran gareji ke kira esiglas. Wanda bai taɓa tuƙi a Duwala ta Kamaru da damina ba zai ce surutu nake yi. A nan ruwa ba ya zuwa ya wuce. Sai ya kama tun asuba, ka kwanta yana yi, ka tashi yana yi, kwatocin unguwar New Bell su cika su shigo wa mutane ɗaki. In waifarka ta mutu a irin wannan rana, kai da makaho ɗaya ne, sai dai shi bai ɗauko kowa a baya ba.

Ni ne direban motar gawa ta masallacin unguwarmu. Tsohuwar farar bas ce, wani attajiri ya ba da ita sadaka, aka cire kujerun baya don makara ta shiga. Ban nemi aikin ba. A da taksi nake ja, bayana ya fara ciwo, na zauna a gida. Liman ya ce tunda ina zaune in riƙe makullin. Na riƙe, kuma har yau babu wanda ya zo ya ce in ba shi.

Abin da ya sa waifa ta shiga raina, wani baƙo ne. Ɗan kasuwa ne daga Najeriya, yana sayar da atamfa a kasuwar Marshe Kongo, bai daɗe da zuwa ba, ba shi da kowa a garin sai abokan rumfa. Ya rasu a wani asibiti a Bonaberi, ƙetaren kogi. Muka haye da hantsi muka ɗauko shi, an riga an aika masu haƙa kabari. Muna hawa gada a komowa ruwa ya kece. Na kunna waifa, ta je ta dawo, sai robar gefena ta ɓalle ta yi lilo kamar igiyar takalmi, ƙarfen ya kama kartar gilashi. Na tsaya a cikin cunkoso, 'yan bensikin, masu babur ɗin nan, suna zagina da Faransanci da Turancin Fijin. Na ciro ta ɗaya gefen na sa a nawa. Ba mu sauka daga gadar ba ita ma ta yage.

Ladan ne a gefena. Ya cire safarsa muka ɗaura a ƙarfen, ba ta yi komai ba sai shafe gilashin da laka. Na fitar da kai ta taga ina tafiya kamar mai tura baro, ruwa na shiga mini ido da kunne. Inda ya fi ƙarfi sai in tsaya. Haka muka yini a hanyar da ba ta kai ta yini ba. Kafin a yi wa mamacin wanka, a sallace shi, mu kai maƙabarta, magariba ta kawo jiki. Kabarin da aka haƙa tun safe ya cika da ruwa har baki. Da bokiti aka kwashe, ana kwashewa yana tsatsowa. A haka muka sa shi, da fitilar waya, likkafaninsa ya zama kalar ƙasa kafin mu rufe.

Na koma gida ina ɗigar da laka. Mai ɗakina ta ɗora mini ruwan zafi, ina wanke ƙafa ina ba ta labarin tun daga gada har bokiti. Ba ta ce komai ba sai innalillahi. Na ɗauka labarin ya wuce tare da ruwan wankan.

Daga nan na shiga neman waifar da za ta daɗe. Dattawan masallaci su kullum maganarsu in sayo mai araha, wani cikinsu har yana cewa wanda ke kwance a baya ba ya kallon hanya. Na ce masa in ranarsa ta zo zan tuna masa. Na gwada mai gaɓoɓin ƙarfe, iskar garin nan mai gishiri ta cinye ta da tsatsa, ta ƙage. Na gwada ta okaziyon, wadda ake cirowa daga motocin Turai, ashe ta gama rayuwarta a can, gawarta aka kawo mana. Na gwada sabuwa a kwali mai hoto. Kafin damina ta yi nisa ta fara kuka a kan gilashi, tana barin layi-layi daidai inda idona yake.

Akwai wani Bakano mai rumfar kayan mota a bakin unguwa. Yaro ne a kaina, amma tun da ya ji ubana daga Zazzau ya zo, ba ya kirana sai Kawu Bazazzagi, ni da ban taɓa taka Zazzau ba. In na zo sai ya ce a ɓoye kaya masu kyau, Bazazzagi ba ya saye sai taɓawa. Ni kuma in ce masa Bakano ko ruwan kwata zai zuba a kwalba ya ce daga Makka ya zo. Shi ya nuna mini yadda ake zaɓa. Ka lanƙwasa bakin robar ka kai ta haske, in ka ga 'yan tsage-tsage ka ajiye. Ka murza da babban yatsa, in baƙi ya biyo yatsan ta riga ta mutu a cikin kwalinta. Ya ce in bar masu gaɓoɓi, in ɗauki wadda take sanda guda, ƙarfenta a lulluɓe cikin roba, ba inda tsatsa za ta kama. Kuma in auna tsawo da kaina, kada in yarda da abin da aka rubuta a kwali.

Da na koma masa da wata matacciyar, ya juya ta a hannu ya ce, "Kawu, motarka ba aiki ke cinye mata waifa ba, zama ne. Taksi kullum tana sharewa. Taka sai an mutu. Ruwa ya jiƙa, rana ta gasa, robar ta manne da gilashi, ranar da ka kunna ta yage. Ka cire su ka kai ɗaki, kamar yadda kake kai takalminka."

Na yi yadda ya ce. Na sayi masu sanda guda, in na dawo daga maƙabarta in cire su, in goge, in naɗe a tsohon zanen mai ɗakina, in rataye a ƙusar bayan ƙofa. Suka yi damina, suka yi rani, suka shiga wata daminar, suna sharewa fes ba ƙara. A duk rayuwata ban taɓa sayen abin da ya riƙe amana kamarsu ba.

Abin da ban hango ba shi ne mutanen unguwa. Daga gidana zuwa masallaci sai ka ratsa lungu mai tsawo, ka wuce famfo, ka wuce mai ƙosai, ka wuce tela. Ba a daɗe ba kowa ya gane ƙunshin nan dogo da ke hammatata. In na fito hannu wofi, a gaisa, a yi ba'a. In na fito da shi, babu mai ce mini ina kwana. Mata a bakin famfo su daina magana. Mai ƙosai ta ɗaga kai daga kasko ta ce, "Wane ne?" Tun kafin ladan ya sanar, unguwa ta sani daga hammatata. Tsofaffin ƙofar masallaci suka sa mini ɗan aiken Azara'ilu. Ana dariya, amma na lura gidan da ke da majinyaci, in na zo wucewa sai a saki labule.

Ban damu ba. Wani dai zai yi aikin.

Sai mai ɗakina ta kwanta. Ƙafafunta suka fara kumbura, sannan fuska. Aka ce ƙoda ce. Muka yi zaryar asibiti iya ƙarfinmu, daga baya likitan ya yi mini magana da Faransanci a hankali, irin yadda ake yi wa wanda ba a so ya yi tambaya, ya ce mu koma gida. Ɗakinmu ɗaya ne. Gadon yana fuskantar ƙofa, in aka rufe ƙofar, abin da ke gabanta ƙunshin nan ne a cikin zanenta. 'Yarmu babba takan zo da rana daga gidan mijinta ta yi mata wanka ta koma. Sauran lokaci daga ni sai ita sai ƙusa.

Wata safiya aka aiko an yi rasuwa a bayan layinmu, wata tsohuwa da suke zuwa islamiyya tare da mai ɗakina. Na miƙa hannu na sauke ƙunshin a hankali, ina tsammani barci take. Da na dawo zan rataye, ta ce in fitar mata da su daga ɗaki. Ta ce ta gaji da jin ƙarar ƙusar nan, in na taɓa ta har cikin haƙoranta take ji. Na ce roba ce kawai, ba ta kiran kowa. Ta ce ta sani, in fitar.

Na rasa inda zan kai su. Ƙarƙashin gado ya fi muni. Tsakar gida ruwa ke kwana. Maƙwabcina ya ce matarsa na da ciki, in yi haƙuri. Ɗakin ajiyar masallaci yana yoyo, ɓeraye sun cinye tabarmi ma balle roba. Cikin motar kuwa da rana tanda ce, kuma ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta saboda masu zuwa ɗaukar makara. Na je wurin Bakano, ya ce, "Kawu, duk abin da ka kawo zan ajiye maka, ban da wannan. Kana so kwastoma su gudu ne?" Yana dariya, amma bai karɓa ba. Sai na mayar da su jikin gilashi, na bar su ga Allah.

Allah ya sa ba a yi rasuwa a unguwa ba na ɗan lokaci. Ni ma ban leƙa motar ba, ina gida, ina juya ta, ina ba ta kunu da cokali tana mayarwa. Damina ta kai tsakiya. Wata rana bayan la'asar ruwa ya sauko irin na ranar gada, kwanon ɗaki yana ƙara har ba ka jin maganar kanka. Na tara robobi a inda ke yoyo. Tana kwance tana kallon ƙusar da babu komai a kai.

"Malam, ina abubuwan nan naka?"

"Suna jikin mota."

"Cewa na yi ka fitar da su, ban ce ka kai wa rana ba."

Na ce ba wanda ya yarda ya ajiye. Tana numfashi da ƙyar. Can ta ce in je in ɗauko su. Na ce ai ita ta kore su. Ta ce a lokacin tsoron ƙusar take ji, yanzu kuma ba ƙusar take tsoro ba.

"Baƙon nan na Bonaberi," in ji ta. "Ba na so a tsaya da ni a hanya. Ba na so a kwashe ruwa da bokiti kafin a sa ni."

Ashe labarin bai wuce ba, yana nan a wurinta duk tsawon lokacin nan. Na ce ta bar wannan magana, sauƙi na Allah ne, za ta tashi. Ta ce ni da ban iya ƙarya ina saurayi ba, kada in fara da furfura. Sai ta tambaya ko ni zan tuƙa.

"Wa zai tuƙa in ba ni ba?"

"To je ka."

Na yafa leda na fita. Ruwa a lungu ya kai ƙauri, yana tafe da shara. Motar na nan a gefen masallaci inda na bar ta. Ƙarafunan biyu suna kwance a kan gilashi tsirara. Wanda ya cire ya san aikinsa, bai lanƙwasa komai ba. Na tsaya a cikin ruwan ina kallonsu. Na san Bakano ya rufe tuntuni, ba mai buɗe rumfa a irin wannan ruwa.

Da na shigo ta dubi hammatata kafin ta dubi fuskata. Na ce an sace. Ta yi wata 'yar dariya da ta koma tari, na ɗago ta na riƙe har ya lafa. Ta ce Allah ya sa ɓarawon bai san jikin motar da ya ciro su ba, kada ya kasa barci. Daga nan ta ce ruwan nan ba shi da niyyar tsayawa, ita kuma ba ta san iya jiran da za ta iya ba, in hanzarta.

Washegari ina idar da sallar asuba na tafi bakin unguwa, na zauna a dakalin rumfar har Bakano ya zo. Ya hango ni ya fara cewa a ɓoye kaya, Bazazzagi ya yi sammako. Da ya matso ya ga fuskata sai ya bari. Na ce masu sanda guda nake so, waɗanda suka fi duk abin da yake da shi. Ya shiga ciki ya fito da su, bai tambaye ni komai ba. Na lanƙwasa bakin kowace na kai haske. Na murza da yatsa, yatsan ya fito fari. Na auna. Na je na ɗaura su a motar, na tayar da inji, ana yayyafi, suka je suka dawo ba ƙara, har ina ganin tsagar bangon masallaci. Na kashe, na cire su, na goge da gefen rigata, na naɗe a zanen.

A lungu mata suka yi shiru a bakin famfo. Mai ƙosai ta ɗaga kai ta ce, "Wane ne?" Na ce ba kowa.

Na sami mai ɗakina idonta biyu. Na rataye ƙunshin a ƙusa, na tura ƙofar yadda za ta riƙa ganinsa daga inda take kwance, sannan na fita na ɗora ruwan kunu.