Harba-ka-ruga

Shekarar da 'yan bindiga suka hana noma a yankinmu na Garbadu, dawarmu ta nuna a gonar da ke gefen daji, babu mai zuwa yanka. Rumbu kuwa ya kusa ƙarewa. Baba ya ce ko da tsiya ko da arziki sai dawar nan ta shigo gida.

Na tafi Mafara ranar kasuwa, na samo bindigogi biyu ƙirar maƙera, ɗaya tawa ɗaya tasa, na dawo ina hura hanci. Baba ya karɓi tasa, ya jujjuya ta, sannan ya dubi ƙafarsa ta hagu, wadda bai sake takawa daidai ba tun da amalanke ya faɗa mata.

"Mi as sunan wagga?" ya tambaye ni.

"Harba-ka-ruga, Baba."

"Madalla. To in na halba, wa ka ruga min?"

Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce cikin dawa ba ka ganin mutum sai ya zo kusa da kai, kuma harbi ɗaya gare ta, kafin ka sake ɗura mata an gama da kai. Ya jawo tsohuwar gorarsa mai ƙarfe a kai. "Duk wanda yaɗ ɗauki waccan, ya riga ya ƙulla niyyar gudu," in ji shi.

Maganar ta tsaya mini a rai. Ni ina iya gudu, amma wa zan bari a gonar? Da safe na jingine bindigar a bayan ƙofa, na ɗauki gora. Tsoro kam na ji shi.

Muka fara yanka daga tsakiya, muna faɗaɗa fili, kowa ya ba ɗan'uwansa baya. Ana nan wata hantsi kara ya motsa, sai ga mutum da bindiga a gaban Baba. Bai gama ɗaga ta ba gora ta sauka a wuyan hannunsa. Na juyo na ƙara masa tawa, ya faɗa cikin dawa a guje, ya bar takalmi ɗaya.

Na ce mu tafi gida. Baba ya tofa yawu a tafinsa, ya ɗauki lauje.

"Shi ad da ƙahwa, ya ruga. Kai, ɗaure damen can."