Buhun Albasar Direba

Shekara tara na yi ina shugabar malaman gona a yankin Goronyo, amma buhun albasa guda shi ya fi tsaya mini a rai.

Wata shekara cuta ta faɗa wa albasar wani ƙauye kusa da madatsar ruwa. Na tafi da direban ofishinmu, dattijon kirki wanda bai san komi ba sai sitiyari. Anka shimfiɗa wa maza tabarma, har da shi, ni kuwa anka aje mini kujera can gefe, wai girmamawa. Daga can na ɗaga murya na ce su rage ban ruwa, su tuge waɗanda sunka ruɓe su ƙone. Ko kallo ban ishe su ba. Direba ya maimaita maganata, sai ga kawuna suna gyaɗawa.

Albasa ta yi kyau. Sunka zo ofis da buhu, sunka dire shi gaban direba. Na fito zuciyata tana tafasa, babbansu ya tarbe ni da fara'a.

"Hajiya, mi za mu ce? Allah shi saka miki da kinka kawo muna wanga malami."