Kwana Sittin Ba Wata Biyu Ba Ne

Shekara huɗu ke nan da rasuwar yayana Bakur, shekara bakwai kuma saura kaɗan rabonsa da Jidda, garin da aka haife shi. A Haɗeja aka binne shi, cikin dangin da bai san fuskarsu ba sai da ya haura talatin. Ni ba mai yawan magana ba ce, ko a aji sai malami ya kira sunana sau biyu kafin in ɗaga kai. Amma bana na kasa barin ranar ta wuce da addu'a da sadakar dabino kaɗai, domin har yau ina farkawa da mamakin yadda Asabar ɗaya da Lahadi ɗaya suka raba mutum da garinsu har abada.

Kakanmu ya zo aikin hajji daga Haɗeja, bai koma ba. A nan aka haifi Baba, a nan aka haife mu. Fasfonmu na Najeriya ne, zamanmu kuwa a kan iƙama yake, katin izinin zaman da ake sabuntawa ta hannun kafili, wato wanda ya tsaya maka a wurin hukuma. Bakur injin sanyi yake gyarawa a wata ma'ajiyar kifi a Madinar Masana'antu. Shekara tara kifi na wucewa ta gabansa a daskare, bai taɓa shiga jirgin ruwa ba. Tun rasuwar Baba shi ke riƙe da ni da Umma a gidanmu na Waziriyya.

Yana da aboki a wurin aiki, Abdurrahim, Bafatani. Su ma kamar mu ne, kakanninsu alhazai ne da suka zo daga kudancin Tailan suka zauna, sai dai su ba su yanke zuwa gida ba. Da hutun Bakur ya taru, Abdurrahim ya ja shi can. Kafili ya ba shi bizar fita da dawowa, ya tafi a farkon Yuli. Kusan duk hutun a wani babban gari ya yi shi, a shagon gyaran firji na ɗan'uwan Abdurrahim, don shi Bakur bai iya zama hannu sake ba. Jirginsa na dawowa ranar Juma'a ne. Ana saura kwana uku ya kira ni.

"Ya Ustaza," haka yake ce min saboda littattafaina, "duba min takardar nan. Kakar Abdurrahim ta rantse sai na kwana a garinsu na bakin teku. In na ɗaga jirgi zuwa Litinin, akwai mushkila?"

Kwafin bizar na manne a jikin firjinmu. Na cire shi, na ɗauko kalandar makaranta. Na ce, "Bizar wata biyu ce. Ranar Litinin za ka cika wata biyu cif."

"Kin tabbata?"

"Yaushe ka taɓa ganin na faɗi lissafi?"

Ya yi dariya. "Halas, shi ke nan. Ustaza ta yi fatawa."

Sittin aka rubuta a takardar, kwana sittin, na kuma gan shi da idona. Amma a unguwarmu ba wanda yake cewa bizar kwana sittin, bizar wata biyu kowa ke cewa, kuma da wannan sunan na karanta ta. Tsofaffinmu da ke lissafi da watan sama ba su taɓa faɗawa wannan ramin ba, domin wata biyu na Musulunci ba ya wuce kwana sittin. Ni 'yar boko na ƙirga da Yuli da Agusta, kowannensu talatin da ɗaya. Da Umma ya tambaya, wadda ba ta karanta ko harafi ɗaya na boko, da ta ce masa ya hau jirginsa.

Abin da ya yi da kwana biyun yana nan a wayata, saƙon murya ashirin da uku, na jera su bi da bi. Garin ƙarami ne, kusa da Songkhla, yawancin mutanensa Musulmi masunta. Da safiyar Asabar bayan sallah aka kai shi wurin mai shayi, inda maza ke zama da zani ɗaure a kugu suna cin wani gurasa mai laushi da madara. Shi ma aka ɗaura masa. "In 'yan Waziriyya suka gan ni da zani," in ji shi, "sai dai in canza unguwa." Kafin hantsi ya samu suna, Bang Bakar, wai yaya Abubakar. Aka ɗora shi a babur mai akwati a gefe zuwa kasuwa, ya ci shinkafa shuɗiya da aka cakuɗa da ganyaye da kwakwa da wani romon kifi mai wari. Ya rantse min daddawa ce, daddawar teku, ya ce duk inda aka je a duniya akwai Bahaushen wurin.

Da rana suka je wani fili cike da dogayen sanduna. Kowane mutum ya zo da kurciyarsa a keji, ya ja ta sama da igiya kamar tuta, sannan kowa ya zauna ya yi shiru ana sauraron wadda ta fi daɗin kuka. Wani tsoho ya taɓa shi ya nuna masa sama, wai ya zaɓa. Ya zaɓi wadda ta fi kowace ƙara, ita ce ta zo ta ƙarshe, aka yi ta dukan kafaɗarsa ana dariya. Ranar Lahadi ya bi masunta cikin jirginsu mai zanen furanni. Ya yi amai sau biyu, ya ja taru har tafinsa ya sale, da suka dawo ya tarar injin ƙanƙarar bakin ruwa ya tsaya, ya cire zani ya nemi wando ya tayar musu da shi. A masallaci da suka ji daga Jidda yake, suka tura shi gaba ya ja la'asar. "Ni da ake ce wa Takaruni, baƙo ɗan Afirka, a gida," ya ce, "yau ni ne mutumin Makka." Saƙon da ya fi tsaya min shi ne gajere cikinsu: "Ustaza, tun safe na bar jakata a ɗaki. Ba iƙama a aljihuna. Hannuna sai shafa ƙirji yake yi shi kaɗai, kuma ba wanda ya tambaye ni komai."

Ranar Litinin ina ɗaura abaya zan tafi makaranta wayar ta yi ƙara. Daga filin jirgin Bankok ne. "Ramlatu," ya ce. Rabon da ya kira ni da sunana har na manta. "Sun ce bizata ta mutu tun Asabar." Na tsaya a gaban firji na ƙirga da yatsu, kwana ɗaya bayan ɗaya, sau uku. Duk ukun a Asabar na tsaya. Ban yi kuka ba. Na tuna dai takalmina ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, har Umma ta fito daga kicin ta tambaye ni ko aljanu ne.

Kafilin ya ce zai duba, ya sake cewa zai duba, daga nan ya daina ɗaga waya. Dokar lokacin kuwa ita ce, wanda bizarsa ta mutu yana waje sai ya shekara uku kafin ya sake shigowa. Babu inda fasfonsa zai kai shi sai Najeriya. Kafin ya hau jirgin Kano ya yi magana da Umma, ina jin sa: "Ni na yi ganganci, Umma, daɗin teku ne ya ɗauke ni." Da na karɓi wayar ya rage murya. "Ki bar shi tsakaninmu. In na dawo mu gaya mata tare, ta haɗa mu ta zage mu, a wuce wurin."

A Haɗeja 'ya'yan ƙanen kakanmu suka karɓe shi hannu biyu, Allah ya saka musu. Ya buɗe rumfar gyaran firji a garin da wuta ke zuwa in ta ga dama. Suna dariyar Hausarsa, yadda yake cewa yalla da halas, suka sa masa Balarabe. Yana ƙirga watanni, yanzu da kansa, ba ya tambayata. Saura wata huɗu ya cika shekara ukun ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Umma ba ta da takardun da za ta fita ta dawo. Ta waya ta ji numfashinsa na ƙarshe.

Da yana raye yau, me zai ce? An ɗage dokar shekara ukun nan. Ranar da na karanta labarin a ɗakin karatu sai da na fita na zauna a matakala, na ma kasa gane ko murna ya kamata in yi wa mutane. Yanzu kowa na ganin ranar dawowarsa a waya, da kwanakin da suka rage masa, ba sai ya nemi wata Ustaza ba. 'Yan ajinmu na unguwar Safa suna zuwa Tailan hutu kamar masu zuwa Ɗa'if, su dawo suna nuna hotuna, suna cewa sun zauna kamar 'yan gari don sun ci abinci a bakin titi. Ina kallo, ina murmushi. Ina jin da Bakur ne zai tambaye su ko sun ja taru. Ina kuma jin ba zai yi fushi da sauƙin da ya zo bayansa ba, don shi mutum ne da in ƙofa ta buɗe wa wani, sai ya ce ma sha Allah ko da shi aka rufe wa.

Abin da ban iya ɗauka ba shi ne addu'ar Umma. Kullum bayan sallah sai ta roƙa masa rahama, sannan ta ƙara da, "Allah ka yafe masa gangancinsa." Wani lokacin in baƙi sun zo takan ce yaron kirki ne, sai dai ya zaɓi yawon kwana biyu a kan uwarsa. Shekara huɗu yana kwance da laifin da ba nasa ba, ni kuma ina gefenta ina cewa amin. Alƙawarinmu shi ne sai ya dawo. Na daɗe ina fakewa da wannan, alhali na san tsoro ne, tsoron kada ta dube ni ta ga wadda ta raba ta da ɗanta.

Ranar Alhamis da ta wuce, bayan azahar, tana tsince shinkafa, na zauna a gabanta na faɗa mata komai, daga kalandar har maganar da ya yi min a waya. Ban ɗaga kai ba sai da na gama. Ta ajiye faifan. Ta juyo ta dube ni.

"Shekara bakwai," ta ce. "Shekara bakwai muna cin abinci a kwano ɗaya da wannan a cikinki?"

Na ce eh.

"Ni kuwa ina ta cewa karatu ne ya cinye min ke. Ashe 'ya'ya biyu aka hana min shigowa ranar nan."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Ba ta ce ta yafe ba, ban kuma tambaya ba, har yau da nake rubutun nan. Maganarmu ba ta wuce ta gishiri da makulli.

Bakur bai bar gida ba, bai bar mata ba, rumfarsa ma an mai da ita ta sayar da katin waya. Abin da ya bari shi ne wannan: a ranar da ya rasa aikinsa da garinsa, yana tsaye da jaka a filin jirgin da bai san kowa ba, abin da ya fara tunawa shi ne yadda zai rufa wa ƙanwarsa asiri. Ya biya da sunansa a wurin uwarsa, bai taɓa yi min gori ba ko da wasa. Wanda ya karanta wannan, in ya ɗaga hannu, ya sa da Abubakar ɗan Jidda da ke kwance a Haɗeja.

Jiya da magariba ina bayan Umma a kan dardumata. Ta roƙa masa rahama da hasken kabari kamar kullum. Ta kai wurin da takan ƙara sauran, sai ta yi shiru. Can ta shafa, ta ce ba tare da ta juyo ba, "Ke, ba za ki ce amin ba ne?"