Hannun da na miƙa wa Baffa tuwo

Shekarar da na gama lakwal ɗin koyon aikin otel a Damagaram, na dawo Dungas da takardata da buri ɗaya: in wuce babbar makaranta a Yamai. Tun rasuwar mahaifinmu, Baffa, wansa, shi ke yanke magana a gidanmu. In ya ce a'a, an gama.

Inna ta ce, "Ki yi masa girki tukuna. Ba a roƙon Baffanki da yunwa a cikinsa."

Ita ta fara shaida masa burina. Ranar kasuwa, da ya zo gidanmu da abokansa, na tuƙa tuwon gero, na yi miyar zabo, na jera kwanoni a tabarma har da ruwan wanke hannu. A lakwal, mushe, wato malaminmu, ya hore mu cewa in ka zo wa baƙo ta hagunsa, da hannun hagu za ka ajiye faranti, kada gwiwar hannunka ta tokare masa fuska. Mun yi ta yi har hannu ya saba. To, na durƙusa, na miƙa wa Baffa tuwo da hagu. A gaban abokansa!

Daga bayan zana na ji Inna ta saki salati. Baffa ya dubi kwanon, ya dubi hannuna.

"Abin da kika karanto ke nan? Kuma ƙari kike so?"

Kunya ta kama ni, haushi ya biyo baya, ni kuwa bakina ba ya jiran izini. Na ce, "Baffa, Allah ya huci zuciyarka. Tun ranar farko na gaya wa mushe a garinmu wannan raini ne. Ya ce haka yake a littafi. Mai ƙaramar takarda irin tawa, abin da aka ce shi take yi. Wanda ya yi nisa a karatu shi ke tsara yadda za a karɓi baƙo. Can nake so in kai."

Ɗaya daga cikin tsofaffin ya fashe da dariya, ya nuna Baffa. "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe! Kai da aka yi ta bugun hagunka muna yara?"

Ashe Baffa bahago ne. Wallahi ban taɓa sani ba.

Shi dai bai yi dariya ba. Ya turo mini kwanon ya ce, "Ɗauka. Sake miƙowa." Na miƙa da hannu biyu. Ya ci, ya nemi ƙarin miya. Sai da ya wanke hannu ya yi hamdala sannan ya ce, "Nawa hagun da tsumagiya aka gyara. Ke je ki gyara musu nasu da karatu."

Na shiga ɗaki na yi kukan murna har Inna ta ce in rufa mata asiri.

Yanzu ina tsakiyar karatun a Yamai. Duk bakansi, in an ba mu hutu na dawo gida, ina sauka daga kabu-kabu, kafin in gama gaisuwa sai ya ce, "To, 'yata, an gyara littafin?"

Sai in ce, "Saura kaɗan, Baffa."